Yadda Muka Kai Gwaggo Maraɗi

Wautar da na yi ƙarama ce: na buɗe baki a lokacin da ya kamata in cika shi da tuwo. Muna ƙofar gidanmu a unguwar Damba, cikin Gusau, bayan magariba, Baba da abokansa biyu suna cin tuwon dawa, ni ina gefe ina jiran a rage min, sai na ce wani ɗan ajinmu ubansa ya kai su Kwatano hutu, har ya ga teku da idonsa. Na ƙara da cewa ya zo da ruwan tekun a kwalba, duk wanda ya ba shi alawa sai ya bar shi ya lasa. Abin da na manta shi ne, uban yaron nan shi ne Alhajin da rumfarsa ke kallon ta Baba a kasuwar hatsi, kuma tun ina rarrafe suke gasa. In Alhajin ya yi atishawa sau ɗaya, Baba sai ya yi biyu.

Baba ya mayar da lomar da ya ɗauko cikin kwano.

"Kwatano?"

"E, Baba."

"Wanga da bai iya auna tiya ba sai ya zubar da rabi?"

Abokansa suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ce, "To mu ma hutun ga za mu fita ƙasar waje. Ni da iyalina duka." A gaban shaidu biyu ya faɗa, saboda haka babu hanyar haɗiye maganar.

Hutun da yake nufi shi ne na tsakiyar zango, wanda ke faɗowa cikin kaka, an yanke gero, dawa na kan hanya. Washegari da yamma aka yi zaman shawara a tsakar gida. Inna ta ce Jidda, a yi umara a sayo zannuwa. Baba ya yi kamar sauro ne ya wuce ta kunnensa. Ƙanwata ta ce Landan, don an gaya mata can ƙanƙara kyauta take saukowa daga sama, mu nan sai an saya. Ƙanena ƙarami ya ce Kano. Aka ce masa Kano ba ƙasar waje ba ce, ya fashe da kuka ya ce shi dai Kano. Ni na ce Kwatano, niyyata in ɗebo ruwan teku jarka guda in karya kasuwar ɗan Alhaji. Kawu na Bungudu, ƙanen Inna, wanda direba ne kuma shi zai ja motar Baba, ya ce Agadas, akwai raƙuma, babu ɗan sanda ko ɗaya. Duk ƙasar da aka ambata Baba tambaya ɗaya yake yi: mai nawa mota za ta sha? Lokacin ana wahalar mai, layin gidan mai ya fi sahun idi tsawo, sai dai a saya a galan wurin 'yan bumburutu. Haka ƙasashen duniya suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya a tsakar gidanmu.

Gwaggo na kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ƙanwar kakana ce, ita ta reni Baba bayan uwarsa ta rasu, a gidanmu take zaune. Ɗiya ɗaya gare ta a duniya, aure ya kai ta Maraɗi tun ban shiga firamare ba. Mijin ɗiyar irin mazan nan ne da ba sa barin mata tafiya, ita kuma Gwaggo idanunta sun yi rauni, ba ta iya doguwar tafiya ita kaɗai. Kowace shekara ana ce mata bayan sallah, in sallah ta wuce a ce bayan kaka. Tana da jikoki a can da ba ta taɓa gani ba.

Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Maraɗi ma ai ƙasar waje ta."

Muka kwashe da dariya. Ni jikanta ne, saboda haka mijinta ne ni a wasa, kuma duk abin da na faɗa mata ba a kama ni da laifi. Na ce, "Haba amarya, ana maganar jirgin sama kina kawo mana inda jaki ke zuwa?"

"Rufe min baki, mijin banza. Ko sabulu ka taɓa saya min?"

Baba ya dubi Kawu. Kawu ya ɗaga kai sama ya yi lissafi da yatsu, ya ce tanki ɗaya da jarka biyu za su kai mu su dawo da mu. Nan take Maraɗi ta ci zaɓe.

Sai matsala ta biyu ta taso a kasuwa. Ɗan kasuwar hatsi ba ya rufe rumfa a tsakiyar kaka ya ce zai tafi kallon gari. Shi Alhaji da ya je Kwatano cewa ya yi kaya ya je fitarwa. Baba ba shi da kaya a ko'ina. Mutane suka fara tambayarsa, lafiya dai, mi za ka yo Maraɗi, ko kuɗi ne suka yi maka yawa? Har ya fara rama, sai Allah ya ba shi amsa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Gwaggo zan kai ta ga ɗiyarta. Tsohuwa ta rene ni, in ban yi mata ba wa zai yi?"

Ban taɓa ganin magana ta yi riba kamar wannan ba. Dillalai suka yi ta sa masa albarka. Masu dako suka yi ta sa masa albarka. Limamin unguwa ya kawo shi misali bayan sallar la'asar. Shi kansa Alhajin Kwatano sai da ya tsallako hanya ya ba shi hannu ya ce Allah ya ba mu 'ya'ya masu yi mana haka. Ranar Baba ya dawo gida a kumbure don alfahari, sai a kaikaice ya iya shiga zaure. Aka samu wani direban da ke zuwa Jibiya aka aika wa ɗiyar Gwaggo cewa ta shirya, uwarta na nan tafe.

Gwaggo ta ce ita ba ta tsallaka iyaka sai ta yi bankwana da dangi. Ni aka haɗa ta da shi, in riƙe mata hannu. Muka shiga wata bas ta Tsafe mai warin kifi da fetur. Muna daidai dutsen Kwatarkwashi na ji ta yi shiru, abin da ba halinta ba. Ta zaro leda daga cikin mayafi ta yi amai, ɗan kaɗan, bai fi cikin ludayi ba. Ko wanda ke kusa da ita bai lura ba. Ta ƙulle ledar ta jefar ta taga, ta goge baki, ta matso kunnena.

"Angona, rufa min asiri. Kada ubanka shi ji."

"Mi za ki ba ni?"

Da muka sauka ta kwance bakin zani ta saya min dafaffen ƙwai biyu. Na rantse mata da aurenmu.

A Tsafe gidan ƙanenta muka sauka, wani tsoho mai gona a hanyar 'Yankuzo. Daga nan ta bi gida gida tana neman gafara. "In na yi muku laifi ku yafe min, tafiya ba a san dawowa ba." Mata suka yi ta kuka kamar Makka za ta tafi a ƙafa. Akwai wata tsohuwa da suka daina magana tun kafin a haifi Baba, a kan taɓaryar aro da ta dawo a tsage. Har ita Gwaggo ta durƙusa mata. Suka rungumi juna suna kuka, ni kuma ina cin ɗanwaken da aka kawo mana, don kowane gida sai an kawo abinci, ita kuma ba ta ci, tsoron motar dawowa.

Abin da ban sani ba shi ne, ashe rabin Tsafe na da ɗan'uwa a Maraɗi. Kuma saƙo ba a ƙinsa. Wannan ta kawo kuka, waccan busasshiyar kuɓewa, wani ya kawo tabarmi biyu, wani rabin buhun gero. Ƙanen Gwaggo ya kwanto ragon da take kiwo a gidansa, wanda ta ajiye tun yana ɗan ƙarami don ranar da za ta ga ɗiyarta. Bungudu, da muka je daga baya, ta fi muni. Dangin Inna suka haɗo mu da rake da dankali da kabewa mai girman ƙanena. Wata tsohuwa ta ba da ƙullin daddawa a kai wa ɗanta. Na tambaye ta a wace unguwa yake, ta ce dogo ne, kuma ba ya wasa da sallah.

Da muka dawo Gusau, Gwaggo ta koma amarya ta gaske. Ta sa aka yi mata lalle hannu da ƙafa. Ta wanke zaninta na sallah ta kai aka buge shi. Ta saƙa wa jikokin huluna, amma ba ta san girman kawunansu ba, sai ta riƙa kama ƙanena tana gwadawa, tana cewa babban zai fi wanga kaɗan, ƙaramin bai kai shi ba. Ana gobe tafiya ta daina cin abinci gaba ɗaya. Inna ta kai mata kunu ta ce a'a, ita ta ƙoshi.

A ranar ne Kawu ya ja Baba gefe ya raɗa masa yadda masara ke tsada a Maraɗi. Ya ce buhu kaɗan a ƙarƙashin saƙon mutane, wa zai tsaya dubawa? Idon Baba ya yi haske. Maƙwabta suka zo da yamma suka yi wa Gwaggo sallama, kowa ya tafi.

Da asuba muka fara lodi a cikin garejin langa-langa da ke manne da gidan. Motar fijo ce doguwa mai layin kujeru uku. Aka kwantar da layin baya aka jera masarar Baba. A kanta aka ɗora kayan Gwaggo, a kansu saƙon Tsafe, a kansa na Bungudu. Aka cusa rago a ɗan ramin da ya rage, kansa na leƙo taga kamar shi ne mai motar. Rake da tabarmi suka hau sama. Jarkokin mai da kabewa suka cinye rabin layin tsakiya. Motar ta zauna a kan tayoyinta kamar kaza a kan ƙwai.

Kawu ya zagaya ta, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya miƙe yana girgiza kai. Shi da Baba a gaba. Inna a tsakiya da ƙanena a cinya, ƙanwata a manne da ita. Wurin mutum ɗaya ya rage.

"Ɗaya dai," in ji Kawu. "In anka ƙara ko kyanwa, a Kaura za mu kwana."

Inna ta ce a sauke buhu biyu. Baba ya dube ta kamar ta ce a sauke masa ƙafa. Saƙon mutane kuma ba a saukewa. Sai na ga idonsa ya juyo kaina, na ga bakinsa na shirin cewa kai namiji ne, ka zauna ka kula da gida. Ni da na gaya wa makaranta duka cewa zan fita waje. Ni da na ce wa ɗan Alhaji ya riƙe ruwan gishirinsa.

Gwaggo na tsaye da zaninta mai ƙyalli, takalmi a hannu don kada ya yi ƙura. Na ce, "Baba, kujerun ga naka sababbi, ka sa musu leda kuwa?"

"Don mi?"

"A'a, ba komai. Na rantse ba zan faɗa ba."

"Kai, faɗi!"

Sai na faɗa. Na ce tun daga tasha ta fara, ba ta tsaya ba sai Tsafe. Na ce fasinjoji sai da suka ɗaga ƙafafu, wata mata ta ɗora jaririnta a ka. Na ce direba ya tsaya a Kwatarkwashi ya buɗe ƙofa, abin ya gangara har ya tafi da akuyar mutane. Na kwaikwayi sautin, na kwaikwayi yadda take riƙe ciki. Ƙanwata ta faɗi a kan kabewa don dariya. Kawu ya riƙe marfin mota yana share hawaye. Ita ma Gwaggo da farko dariya take.

"Ƙarya kake, ɗan banza! Sakina za ka yi da sassafe?"

Amma Baba kujerunsa yake kallo.

"Gwaggo, gaskiya ne?"

"Ɗan kaɗan ne, ɗana. Ko ludayi bai cika ba."

"Tsafe kenan," in ji Kawu. "Tsafe da ke nan bakin hanci. Ina ga Zurmi, ina ga Jibiya? In tsohuwa ta cika muna a ƙasar mutane, wa ya san yadda ake fito da gawa?" A gabanta ya faɗa, yana goge gilashi.

Gwaggo ta daina dariya. Ta ce, "Tun jiya ban sa komi a bakina ba. Ko ruwa. Babu abin da zai fito."

Ta dubi bayan motar.

"To in zauna baya wurin ragon. Ni ba ni da nauyi."

"Haba Gwaggo," in ji Baba. "In sa ki wurin dabba? Mi mutane za su ce?"

"To yaron ga shi zauna a cinyata."

Ni da na fi ta tsawo. Ƙanwata ta sake fashewa, Inna ta make ta. Baba ya ce lafiyar Gwaggo ta fi masa komai, ba zai yi wasa da ranta ba. Ya ce da zarar mun dawo Kawu zai juya ya kai ta ita kaɗai, a kujerar gaba, taga a buɗe. Kawu ya ce ƙwarai, yana kallon rufin gareji.

Ta tsaya tana duban kayanta da ke can ƙasan saƙon mutane. Ta ce, "To ku tahi da su. Hulunan na cikin ƙwarya."

Har mun shiga mota Baba ya fito kamar kunama ta harbe shi. Ya tuna da kasuwa. Ya tuna da liman da Alhajin Kwatano da albarkar da ya riga ya karɓa. Ya bi Gwaggo har tsakar gida, ni ma na bi shi don in ji. Ya rage murya ya ce mata, tun da kowa ya san da ita aka tafi, kada ta fito har mu dawo. Zai sa kwaɗo a ƙofar zaure ta waje. Akwai ruwa a randa, akwai gero, akwai itace. In an buga ƙofa kada ta amsa. Kuma in da hali ta riƙa hura wuta bayan magariba, don hayaƙi da rana ana ganinsa.

"Asirina a hannunki yake, Gwaggo. Ke kika rene ni."

Ta ce, "To."

Na leƙa ta bayan Baba na ce, "Amarya, sai na dawo, kada ki kula kowa!" Ba ta zage ni ba. Ta zauna a bakin ɗakinta ta ajiye takalman a gefe. Baba ya danna kwaɗo, muka fita kafin gari ya waye. Ban ji komai a raina ba sai da muka wuce Kaura, shi ma da na duba yunwa ce.

Sojoji da kwastan suka yi ta tsayar da mu, Kawu na fita yana dawowa yana zagi a hankali. Muka tsallaka iyaka bayan azahar. Na manna fuska a gilashi ina jiran ƙasar waje ta fara. Karan gero ne irin namu, jakai irin namu, yara na bin mota da Hausa irin tamu. Bambancin da na gani, burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, jandarmominsu, wato 'yan sandansu, kuma ba sa dariya. Ƙanena ya tambaya ko nan ne Kano, Inna ta ce masa e.

Tun daga bakin lungu muka ga an share ƙofar gida an yayyafa ruwa. Kafin Kawu ya kashe mota wata mata ta fito da gudu ba takalmi, mayafi na jan ƙasa, mijinta na kiranta daga zaure ba ta ko waiwaya ba. Fuskar Gwaggo ce sak, an dai cire tsufan. Ta leƙa tagar gaba, ta leƙa ta tsakiya, ta dube ni, ta dubi kabewa. Ta zagaya baya ta leƙa wurin rago. Ta sake dawowa tsakiya.

"Yaya, ina Innata?"

Baba ya ce ƙafafunta ne suka kumbura a daren jiya, likita ya hana ta motsi, amma tana gaishe ki ƙwarai, ga ma ragonki.

Ta tsaya riƙe da marfin mota. Yaranta sun yi layi a bayanta da sababbin riguna, an koya musu yadda za su durƙusa. Da ba su ga tsohuwa ba sai suka durƙusa wa Inna.

An gyara wa Gwaggo ɗaki, sabuwar katifa, sabon labule, turaren wuta. Baba da Inna suka kwana a ciki. An yi mata tuwo mai laushi da naman da aka dafa har ya narke, don an san ba ta da haƙora. Ni na ci nawa na ci nata, ban taɓa cin nama ba tare da wahalar tauna ba sai ranar. Hulunan ko ɗaya bai shiga kan masu su ba, don yaran manyan kawuna gare su irin na ubansu. Uwarsu ta tattara su ta sa a ƙarƙashin matashinta.

Baba ya sayar da masararsa. Muka zaga kasuwa, muka ga raƙuma, muka ɗauki hoto a gaban wani otal da ba mu shiga ba. Dogon mai sallah ba mu same shi ba, Inna ta riƙe daddawar. Ranar dawowa ɗiyar Gwaggo ta haɗo dabino da cuku da turmin atamfa. Ta kama hannuna ta ce, "Kai ne mijin nata ko? Ka riƙe min ita da kyau." Na ce ai ba ta da matsala, sai dai kishi.

Bayan isha'i muka shigo Damba, haka Baba ya tsara. Ya buɗe kwaɗo. Gwaggo na zaune a bakin ɗakinta a cikin duhu, lallen ya fara dushewa. Ta yi mana barka da hanya ɗaya bayan ɗaya. Baba ya ce mata gobe mutane za su zo yi mata barka da dawowa, ta san dai abin da za ta ce. Ya miƙa mata dabinon ya ce ta raba da hannunta.

Da safe tun ban wanke ido ba ta kira ni ɗakinta. Na ɗauka zagin da nake binta bashi ne za ta biya ni. Sai ta ce in zauna in gaya mata Maraɗi, don kada ta ji kunya a gaban baƙi.

"Gidan wace kala ce ƙofarsa?"

"Shuɗiya."

"Akwai itace a tsakar gida?"

"Dogonyaro."

"Ita fa? Ta yi ƙiba ko ta rame?"

Na ce ta yi ƙiba har ba ta wucewa ta ƙofa sai an shafa mata mai. Ba ta yi dariya ba, ta ce in faɗi gaskiya. Na ce tsaka-tsaki, kuma ta fara furfura a gefe. Ta maimaita, furfura a gefe, kamar tana hadda. Ta tambayi yaran ɗaya ɗaya, wa ya fi baƙi, wa ke da wushirya, wa ya fi surutu. Ta tambaya ko hulunan sun yi musu. Na ce kamar an auna. Da na gaji na fara ƙari. Na ce a Maraɗi raƙuma ke kai yara makaranta, kuma burodi ɗaya mutum biyu ke ɗaukarsa a kafaɗa. Shi ma ta haddace.

Baƙi suka yi ta zuwa. Gwaggo na kan tabarma da tiren dabino, tana ba kowa uku uku, tana cewa alhamdulillahi, mun same su lafiya, ƙofar gidan shuɗiya ce, akwai dogonyaro a tsakar gida. Da ta zo kan burodin da mutum biyu ke ɗauka, matan unguwa suka riƙe baki suna salati, ni kuma na ruga bayan ɗaki na kwanta a ƙasa ina dariya har cikina ya ƙulle. Ƙanenta ya zo daga Tsafe ya tambaye ta yadda ɗiyar ta yi da ta gan ta. Wannan ban koya mata ba. Ta juya dabino a hannu, ta ce, "Da gudu ta fito. Ba takalmi." Ƙanwata ce ashe ta gaya mata. Tsohon ya share ido ya ce Allah ya yi wa Baba albarka. Baba na zaure ya ce amin.

Kawu bai juya ya kai ta ba, ya ce motar na buƙatar gyara. Kuma yanzu da kowa ya san ta je, babu dalilin da za a ba mutane na sake komawa da wuri. Baba ya ce bayan sallah. Bayan sallah mai ya ƙara wuya. Ni dai a makaranta na ci kasuwata, na ce Maraɗi ta fi Kwatano nisa in aka bi ta Zurmi.

Gwaggo ta rasu da damina, bayan zazzaɓin da bai daɗe ba. Mijin ɗiyarta ya bar ta ta zo gaisuwa, ta iso an riga an kai Gwaggo makwancinta. Matan Tsafe da na Bungudu suka kewaye ta a tsakar gidanmu suna ba ta haƙuri, suna cewa ta gode wa Allah da ya sa suka gana bara. Gwaggo ba ta taɓa taka Maraɗi ba, kuma ba su gana ba.